Kilo Saba'in

Zahara'u ta tsuguna, ta rungumi buhun gero, ta miƙe da ƙarfin cinyoyinta, bayanta a tsaye kamar yadda likita ya nuna mata. Ta ajiye, ta sake ɗauka. Wata biyu ke nan kullum da hantsi, daga kilo talatin har ta kai saba'in. Matan unguwarsu a Dungas har sun gaji da yi mata dariya.

Saba'in nauyin mijinta Yunusa ne, ɗan kabu-kabu da mota ta buge, ƙafafunsa suka daina motsi. Likitan Damagaram ya ce idan ya dawo gida, ita za ta riƙa ɗaga shi daga tabarma zuwa kujera, zuwa bayi.

Najib, ƙanin Yunusa, ya yi sallama ya tsaya yana kallonta.

"Yaya, ajiye haka nan."

"Saura ɗauka huɗu," ta ce, ko dubansa ba ta yi ba.

"Don Allah, Yaya." Ya matso kusa da ita. "Yau kwana tara da muka kai shi makwancinsa."

"Na sani, Najib." Ta sake tsugunawa. "In na ajiye, me zan yi da hannuwan nan?"