Idon 'Yardada

'Yardada ta farka da safe ta ce wa mijinta Salihu ya ɗage labule, ɗakin ya yi duhu. Labulen kuwa a ɗage yake. Sai da ta rufe idonta na dama ta gane na hagun ne ba ya gani.

Wata huɗu ke nan tana ramewa, Salihu yana yabawa. Dama shi ne mai yi mata tsiya a kan ƙiba tun haihuwarta ta uku. Ya ɗauka azumin Litinin da Alhamis ne ya karɓe ta.

Ranar bai buɗe shago ba. Daga Koki suka hau adaidaita sahu zuwa asibitin ido. Likita ta daɗe tana haska idon, sannan ta tambaye ta ko tana shan wani magani. 'Yardada ta sunkuyar da kai ta ce allura take yi wa kanta duk mako, irin ta masu ciwon suga da mata ke nema don rage jiki.

Salihu ya riga likita faɗin sunan allurar.

"Jini ya daina kai wa jijiyar idon," in ji likita. "Ba kowa allurar ke yi wa haka ba, amma ita nake zargi. Ganin wannan idon ba zai dawo ba, Hajiya. Ɗayan za mu yi ta tsaro."

Ɗinkin hula ne sana'ar 'Yardada. Da suka koma gida ta ɗauki wadda ta fara, ta yi ta neman kafar allura da zare, ta kasa, ta ajiye.

Salihu ya tsaya a kanta. "Wane marar imani ne ya ba ki maganin nan babu takardar likita? Wallahi sai na sa an rufe shi."

"Larai maƙwabciyarmu nake aika. Ka bar maganar, Malam."

Bai bari ba. Ya birkice kayanta har ya ci karo da kwalayen maganin guda huɗu a ƙarƙashin zannuwa. Ya fito da ɗaya tsakar gida, wajen haske, ya juya bayansa.

Hatimin kemis ɗinsa na Ƙofar Wambai ne a jiki.