Sunan da Ya Fi Yawa

Ana gobe suna, uban jaririya ya zauna tsakar gida, kwamfuta bisa cinya, dangi sun kewaye shi. Danginsa na Tambuwal da na matarsa na Kebbe sun kwana shida suna musun suna a WhatsApp, har ya rantse zai rubuta manhaja ta ƙirga kalmomin saƙonninsu, wadda ta fi maimaituwa ita ce sunan.

Ya danna. Mardiya, sha tara. Batula, sha tara. Sama da su kuwa, wata kalma, ɗari biyu. Ya manta da masu amsa addu'a.

"Mi taf fiddo?" in ji surukarsa.

Ya sake duba kwamfutar. "Inna... Amin."

Tsohuwar ta gyara zama. "To, rantsuwa ba ta tashi. Ɗiya mace ta, a ce Amina."