Ranar da Kumbo Ya Gifta

Auta ta gyara wa mahaifinta matashi, ta zauna a bakin gado da takardun a cinyarta. Tun da idanun Farfesa suka tafi, ita ce ganinsa.

Yana matashi wani kumbon binciken sararin samaniya ya gifta wata katafariyar duniya mai nisan gaske, ya auno ƙarfin maganaɗisunta sau ɗaya tak, ya wuce abinsa. A kan wannan awon Farfesa ya ɗora rayuwarsa. Ya koyar, ya rubuta, cewa garkuwar maganaɗisun da ta lulluɓe duniyar a tsuke take, ba irin ta sauran duniyoyi ba. Garin haka bai ga tatatar 'ya'yansa ba. Yana wajen taro aka binne uwarsu.

Yanzu ga sabon bincike ya fito. Wai ranar da kumbon ya gifta, guguwa ce daga rana ta matse garkuwar. Tsautsayin yini guda aka auna, aka ɗauka halin duniyar ke nan.

Ya hana a faɗa masa sunayen marubutan, ya ce kunnensa ya fi ƙarfin jin sunayen 'yan bana-bakwai. Kullum da hantsi Auta ke karanta masa aikin, yana laluben kuskure. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, sai a hankali ta ce sun riga sun toshe ta, ta jero masa lissafin ba tare da ya ji motsin takarda ba. Wannan ɗin kan sanyaya masa rai. Cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta bi sawunsa.

Ya tambaya ko za a sake tura wani kumbo. Ta ce ko gobe aka harba, jikoki ne za su ga isarsa.

Ranar ya ture abinci. Ya ce wanda duk ya jagoranci aikin nan, bai yafe ba duniya da lahira. Auta ta kwashe kwanukan, ta daɗe a kicin famfo na zuba.

Washegari tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, ya ja kujera, ya kama hannunsa.

"Sai haƙuri, mutumina, dukkanmu aka kayar," in ji shi. "Amma kai ka haifu. Wa zai ce Autar da muke saya wa alawa ce za ta jagoranci binciken nan?"