Hatimin Alhaji Nadabo

Kai mai saurin cewa "an cuce ni", gyara zama ka ji misalin wani ɗan kasuwa. Alhaji Nadabo ake ce masa, mai sayar da iri da maganin feshi, shekara talatin a rumfa ɗaya. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba a ja, sai dai ya san yana da ita, ya kuma fi son kowa ya sani. Yana da wata al'ada: duk katan ɗin da ya buɗe, sai ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya ya danna musu hatiminsa, don kada manomi ya sayo jabu a wani wuri ya dawo ya ce a wurinsa ya saya. To, fakitin iri duk hoton tumatir ne da masara, tawada ba ta fitowa a kai. Wuri ɗaya ne fari, ɗan filin nan na baya mai layuka baƙaƙe a tsaye kamar haƙoran mataji. A nan yake dannawa, tun ba a san amfanin layukan ba.

Da zamani ya zo da nasa, sai ya kira Sabi'u, wani magidanci mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ya haɗa masa kwamfuta da sikana, wato 'yar na'urar nan mai jan haske da ake haska wa layukan, ta yi ƙara, sunan kaya ya fito a allo. Ranar haɗawa an gwada ta da sabon katan da aka sauke daga mota a take, ta yi ta ƙit, ƙit, Alhaji har da washe baki. Washegari ya yi sammako, ya bi kayan da hatimi yadda ya saba, ya ɗauki sikana ya haska. Shiru. Ya matso da ita, ya ja da baya, ya goge bakinta da hannun riga, ya zare waya ya mayar, ya kashe kwamfutar ya kunna. Ko tari ba ta yi ba, ga manoma sun yi layi suna kallonsa. Ya aika wa Sabi'u da ita. Sabi'u ya gwada a shagonsa, ya mayar da ita da saƙon cewa lafiyarta ƙalau, a bar shi ya zo ya duba. Wannan saƙo shi ya tunzura Alhaji. Wato shi ne bai iya ba? Ya ce kada Sabi'u ya sake ya taka masa rumfa. Daga nan ya shiga yawo da maganar, a majalisa, a wurin mai shayi, har a ƙofar masallaci: jabu aka sayar masa. Maganar Alhaji kuwa ba a tantama a kanta a kasuwar. Kafin mako ya zagayo, 'yan kasuwa uku da suka ba Sabi'u irin wannan aiki duk sun janye, bawan Allah ya zauna yana korar ƙuda a shago.

Duk da haka ran Alhaji bai huce ba, sai da ya kai ƙara gaban sarkin kasuwa, ya sa aka ɗauko katan guda na kayansa don shaida. Jama'a ta cika rumfar sarkin. Sabi'u ya haɗa na'ura, ya ari kwalin ganyen shayi a maƙwabta ya haska, ƙit. Alhaji ya miƙa masa nasa fakitin yana hura hanci. Sabi'u ya juya bayan fakitin, ya duba. Sai ya rage murya ya ce, "Baba Alhaji, don Allah mu ɗan koma gefe." Ka ji ɗan halak, rufa masa asiri yake so ya yi. Amma ina! Alhaji ya daka masa tsawa, ya ce abin da zai faɗa ya faɗe shi a gaban mutane. Sabi'u ya miƙa wa sarkin kasuwa fakitin, ya nuna masa inda shuɗiyar tawada ta haɗe layukan suka zama dunƙule ɗaya. Sarki ya sa tabarau, ya karanta rubutun hatimin a fili, a hankali: "Alhaji Nadabo da 'Ya'yansa. Gaskiya Dokin Ƙarfe." Aka zazzage katan ɗin. Fakiti ɗaya ne can ƙasa hannun Alhaji ya tsallake, aka haska shi, ƙit.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da ta fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, gumi ya jiƙa masa hula, ya rasa inda zai sa idonsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mutumin da ya yi kwana bakwai yana ɓata wa suna, shi ne ya nemi ya ja shi gefe. A ranar ya bi rumfunan nan uku da ƙafarsa, dattijo da furfura, yana cewa shi ne ya yi kuskure, a mayar wa Sabi'u aikinsa. Biyu suka mayar. Na ukun ya ce ai tuni ya ba wani daga birni, har an gama haɗawa. Alhaji ya tsaya a bakin rumfar ya kasa tafiya, don ya san abincin gidan wani ya zubar da bakinsa, kuma ba shi da hanyar kwashe shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.