Bijimin Aro

Ka ce kana jin nauyin faɗa wa mutane abin da ya samu garkenka. To zauna, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani manomi mai bijimi fari, wanda duk ƙauyen ke aro don ya hau shanunsu. A garin ba a hana aron bijimi. Ka ɗauka, ka ciyar da shi kwana bakwai, ka mayar da shi da kwanon dusa, shi ke nan. Wata rana aka dawo da shi daga wata ruga, bayan kwana uku sai mai shi ya ga yawu na zuba daga bakinsa kamar igiya, ya ƙi cin harawa, yana ɗingishi. Ya buɗe bakin, ga ƙuraje a harshe, ga wasu a tsakanin kofato. Kuma gobe ne za a kai shi gidan surukinsa, dattijo mai shanu shida, biyu da ciki, su ne duk abin da ya tara a duniya. Zuciya ta ce masa: ka ce ƙaya ya taka, ka ɗaure shi bayan gida, wa zai sani? Amma ya san shanunsa sun sha ruwa kwami ɗaya da bijimin, kuma da safe za su gangara rijiyar gari. Sai ya je wurin surukin, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baba, bijimin ba zai zo ba, ciwon baki da kofato ya kama shi." Tsohon ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Oho, yanzu rowa ma ta samu sunan ciwo."

Da malamin dabbobi ya zo, ya ce wannan cuta ba ta da allurar warkewa, sai dai a tare mata hanya, don tana bin yawu, da igiya, har da tafin ƙafar mai kiwo. Ya tambayi inda bijimin ya kwana da inda ya sha, manomin bai rage ko gida ɗaya ba. Aka killace shanunsa, aka yi wa na gari rigakafi, aka hana nasa rijiya. Sati shida shi ke jido musu ruwa a ka, yana wanke ƙafa da ruwan magani kafin ya fita, 'yan zaman majalisa na ce masa, "Sannu, jakin shanu!" Saniyarsa guda ta yi ɓari, ya binne ɗan da hannunsa. A rugar can kuwa da aka ɓoye ciwon, maruƙa suka dinga faɗuwa, nono ya ƙafe. Amma cikin ikon Allah ciwon bai tsallake dangar manomin ba. Ruwan farko na sauka, shanun surukin biyu suka haihu lafiya. Sai tsohon ya aiko masa da ƙwaryar nono, cike har baki. Manomin ya zauna a ƙofar turke ya sha, ya yi hamdala, sai a ranar abinci ya yi masa daɗi.

Tashi ka je ka faɗa musu tun da sauran rana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.