Ɗanmaliki da Gonar Cikin Fim

"Wanga fim shara ne!" in ji Ɗanmaliki, yana huci a gaban kyamarar wayarsa.

Tun da ya baro ƙauyensu Fakku, can ƙasar Kebbe, ya tare a Tambuwal, ba shi da aiki sai caccakar sababbin fina-finai a Fesbuk. Yau wanda gari ke ta yabo ya kama, labarin wani rago da ya kashe gonar gado.

Ya tsayar da fim ɗin daidai kan gonar jarumin, ya nuna wa duniya.

"Ku duba! Ciyawa ta fi gero tsawo, shinge ya faɗi, awaki na kiwo gindin tsamiya. Ina anka taɓa ganin gona haka a ƙasarmu? Ko gawa ta fi haka kula da gona! Ƙarya ce sunka shirya don su ci mutuncin manoma. Ni ɗan manomi ne, ban yarda ba!"

Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Ɗanmaliki ya harɗe a majalisa yana karanta wa abokai yabon jama'a da ƙarfi. Da ya iso kan saƙon yayarsa Raliya, ko dubawa bai yi ba, ya ƙara ɗaga murya:

"Ba abin da sunka shirya, ƙanena. Sun zagaye Kebbe duka suna biɗar gonar rago, ba su samu kamar wagga ba. Dubi tsamiyar da kyau. Gonarka ce, wadda Baba ya bar maka. Daraktan ma ya ce a yi maka godiya."