Lasisin Barci

Hansatu ta faɗa shagon Ɗanliti mai sayar da manhaja tana haki. Manhajar da take rubuta shirye-shiryen kwamfuta da ita ta kulle tun safe, wai sai an sabunta. Ga manoman Kura suna jiran shirin da zai tayar musu da injinan ban ruwa kafin tumatir ya ƙone.

"Ɗanliti, sabuwar nawa?"

"Hajjaju, lasisi biyu ne. Na kuɗin ya fi ƙarfina, ya fi naki. Na barci kuwa kyauta. Da rana ki yi aikinki, in kin runtsa kamfani ya ari kanki ya yi nasa."

"Kan da yake kwance a banza? Sa min, don Allah!"

Ta dangwala yatsa, allo ya buɗe. Kai, gudu kamar walƙiya! Kafin azahar ruwa ya malale gonaki, manoma sai kira suke suna sa mata albarka.

A motar komawa gida sai murmushi take. Dattijon da ke gefenta yana gyangyaɗi, yatsunsa goma suna ta bugawa a cinyarsa kamar mai rubutu a kwamfuta, ba tsayawa. Ta kusa tuntsirewa da dariya, sai hamma ta zo mata. Ta yi maza ta danne.